Baftisma: Tun Ana Goye Ko Sai An Yi Hankali?

A Damri da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, kusan kowa Musulmi ne, don haka mutum kan tsufa bai taɓa ganin baftisma da idonsa ba. Amma ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Gusau yakan ji wani abokin hulɗarsa Kirista na cewa ranar Lahadi za a yi wa jaririyarsa baftisma, ya kuma ji wani mai gemu na cewa shi sai bana za a yi masa. Dukansu gaskiya suke faɗa.

Baftisma ita ce ƙofar shiga ikkilisiya. Ana yin ta da ruwa, fasto ko fada yana ambaton sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bisa umarnin da ke ƙarshen Linjilar Matiyu. Kiristoci na danganta ta da Yahaya Mai Baftisma, wanda ya yi wa Yesu a Kogin Urdun, suna kuma ɗaukar ta a matsayin wanke zunubi da binne tsohuwar rayuwa. Sau ɗaya ake yin ta. Zuwa nan kan yawancin Kiristoci a haɗe yake. Inda suka rabu shi ne wa ya cancanta.

Katolika da Angalikan suna yi wa jarirai. Hujjarsu ita ce alherin Allah kyauta ne, ba ya jiran yaro ya iya magana, kuma littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Lidiya da aka yi mata baftisma tare da mutanen gidanta. Iyaye da waɗanda aka zaɓa su tsaya wa yaron su ne ke amsa tambayoyi a madadinsa, a zuba masa ruwa a ka sau uku. Idan ya tasa, sai bishop ya ɗora masa hannu a bikin tabbatarwa. 

Ikkilisiyar ECWA kuwa, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, ba ta yarda da haka ba, haka ma 'yan Baftis. A wurinsu bangaskiya ba a gadonta. Jariri sai dai a kai shi coci a miƙa shi ga Allah da addu'a, ba ruwa. In ya yi hankali, ya shiga ajin baftisma, dattawan ikkilisiya su yi masa tambayoyi, su duba halinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya a kogi ko a kwarmin ruwa da aka gina don haka.

Wannan saɓani ya taɓa cin rayuka. A 1525 wasu Kiristoci a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan suka sake yi wa junansu baftisma, suna cewa ta jarirtaka ba ta ƙirguwa. Bayan shekara biyu hukumar birnin ta nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogi har ya mutu. Yau gardama ce ta baki kawai, ko da yake tana tasowa a gida idan ɗan ECWA ya auri 'yar Katolika aka haihu.

A ƙasar Hausa kuwa, inda aka fi shan wuya ba batun jarirai ba ne. Tun zamanin ɗan mishan Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, har zuwa lokacin da Maguzawan Kano da Katsina suka riƙa shiga Kiristanci, masu neman baftisma da yawa magidanta ne, wasunsu da mata biyu ko uku. Taron bishop-bishop na Angalikan a Lambeth, a 1888, ya yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma, sai dai ya tsaya a matsayin mai koyo. Ke nan ko dai ya sallami uwar 'ya'yansa, ko ya zauna a bakin ƙofa, zaɓin da ko kaɗan bai yi la'akari da makomar matar ba. Sai da aka yi shekara ɗari cif, a taron 1988, aka sassauta: a yi masa, muddin ba zai ƙara aure ba, ba zai kori ko ɗaya daga matansa ba, kuma jama'ar cocin yankinsa sun amince. Dokar Katolika har yau tana neman ya zauna da mace ɗaya, tare da ɗora masa nauyin kula da bukatun sauran.