Hannun Hagu Ne Jagora a Wasan Golf

Yawancinmu a Sabon Birni a talabijin muka san wasan golf, amma akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos. Ƙaramar ƙwallo ake bugawa da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18 ne zagaye guda. Darasin farko shi ne riƙon sanda.

Ga mai amfani da dama, hannun hagu ne ke sama, bahago kuwa sai ya juya. Mun saba damƙe ƙotar fartanya a tsakiyar tafi. A golf, sanda a gindin yatsu take kwanciya, tudun tafi ya danne ta. In muka duba ƙasa, mu ga gaɓoɓi biyu a bayan hannun, tsakanin babban yatsa da manuni kuma ya fuskanci kafaɗar dama.

Dalili kuwa, wannan hannun ne ke saita kan sanda. In riƙo ya karkace, ƙwallo ta bauɗe. In an matse da yawa, wuyan hannu ya sandare, bugu ya rasa nisa.

Mu gwada da karan dawa lokacin tara, amma mu duba na bayanmu tukuna.