Kokawar Ƙwallon Ƙafa da Sauran Wasanni

In ka tashi daga tsakiyar garin Kaduna ka nufi kudu, za ka wuce babban filin wasa na Ahmadu Bello, sa'an nan ka iso gada. In ka haye kogi, to, ka shiga ɓangaren da tashar jirgin ƙasa ta ke, da unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa. Je ka can da la'asar sakaliya, ka ga abin mamaki. Duk inda ɗan fili ya ke, za ka tarar da yara sun aje duwatsu biyu nan, biyu can, suna ta bin ƙwallo, ƙura na tashi.

Wanda ya ga haka sai ya zaci tun fil azal ƙwallon ƙafa shi ne sarkin wasanni a ƙasar nan. Ba haka ba ne. Baƙo ne, ya kuwa tarar da 'yan gida masu ƙarfi. Sai da ya yi kokawa da su shekara da shekaru kāna ya sami wurin zama.

A Ingila aka tsara dokokin wasan nan cikin shekarar 1863. A 1885 kuma aka yarda a riƙa biyan 'yan wasa albashi. Wannan shi a ke kira ƙwallon sana'a, watau mutum ya zama da ƙwallo ya ke ci, da shi ya ke sha, kamar yadda maƙeri ya dogara ga ƙira. Turawa suka kawo wasan Nijeriya ta bakin teku. A 1904 'yan wata makaranta a Kalaba suka kara da ma'aikatan wani jirgin ruwa na Ingila. Daga can wasan ya biyo hanyar jirgin ƙasa, tare da akawuna da sojoji da ma'aikatan reluwe, har ya iso Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917.

To, su wa ya tarar?

Da fari akwai wasanninmu na gargajiya. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai a buɗe fagen kokawa da na dambe. Dambe wasan mahauta ne tun asali. Ɗan dambe ya kan naɗe hannu guda da zare, makaɗa na kaɗa masa kalangu, ana yi masa kirari har tsuma ta tashi. Wanda ya yi kisa, watau ya kai abokin karawarsa ƙasa, sunansa ya kan zaga gari. Har yau ba a manta da Shago ba, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Yara kuwa suna da langa, in farin wata ya fito.

Na biyu akwai wasannin manya. Holo, watau ƙwallon dawaki, shi ne na sarakuna da hafsoshin soja. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo sun ɗaukaka shi ƙwarai, a Kaduna kuma tun 1919 a ke gasar wani babban kofi nasa. 'Yan Kwalejin Katsina su kuma sun shahara a kurket da ƙwallon bango, wanda a ke buga ɗan ƙaramin ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, gwani ne a wannan, bai kuwa bar shi ba har bayan da ya zama Firimiya.

Ban da waɗannan duka, akwai iyaye. Da yawa sun ɗauki buga tamaula shiririta ce, mai yaga riga, mai fasa yatsa, mai hana karatu da aike. Dattijo ya kan ce, “Ƙato da kai, kana bin tsumma a rana!”

Yaya aka yi baƙon nan ya rinjaya? Dalilai uku ne.

Na ɗaya, arha gare shi. Holo sai mai doki, doki kuwa sai da dawa da ciyawa da ɗan barga. Ƙwallon bango sai an yi gini. Amma ƙwallon ƙafa, ko tsumma aka dunƙule aka ɗaure, wasa ya samu.

Na biyu, ba ya zaɓen mutum. Kokawa ta mai ƙarfi ce, dambe na mai taurin zuciya. Su biyu ne kurum cikin fage, saura kallo su ke yi. A ƙwallo kuwa mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe, dogo da gajere, ƙaƙƙarfa da siriri, kowa da aikinsa. Ba a kuma jiran kaka.

Na uku shi ne ya fi shafar hayin kogi. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kakuri. Waɗansu suka biyo baya, har da wadda a ke kira UNTL. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai. Mutane suka yi ta kwararowa neman aiki: Hausawa da Nufawa da Tibi da Bajju da Yarbawa da Ibo, ga kuma Gwarawa da aka tarar. Kowace kabila da wasanta, da kiɗanta, da harshenta. Amma ƙwallo ba ya bukatar tafinta. In an busa usur, kowa ya san abin da a ke nufi.

Masu ma'aikatu suka lura da haka, sai suka kafa ƙungiyoyi. Saurayin da ya iya ƙwallo sai a ɗauke shi, a ba shi riga da takalmi, a kuma ba shi abin sawa a aljihu. Nan ne iyaye suka fara sassautawa, gama wasan da ke kawo cefane gida ya wuce a kira shi shiririta.

A ƙungiyar UNTL Rashidi Yekini ya fara. An haife shi a Kaduna a 1963. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon 'yan ƙwallon Afirka. A 1994, a Amurka, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar Kofin Duniya, ran da aka ci Bulgeriya uku ba ko ɗaya. Ya shige cikin raga, ya riƙe ta da hannu biyu yana kuwwa don murna. Ya rasu a 2012, bayan ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37.

Ƙungiyar ma'aikatar makamai kuwa ita ce daga baya ta koma Ranchers Bees. A 1988 ta kai wasan ƙarshe a wata gasa ta Afirka duka, wata ƙungiyar Tunisiya ta rinjaye ta. Ba ta karai ba. Da shekara ta kewayo, a 1989, sai ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Cikin 'yan wasanta akwai wani yaro, Daniel Amokachi. A 1996, sa'ad da Nijeriya ta ci Ajantina uku da biyu ta sami lambar zinariya a wasannin Olimfik, ƙwallo biyu daga cikin ukun nan 'yan Kaduna ne suka ci, watau Amokachi da Celestine Babayaro. Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma haifaffun Kaduna, suna cikin wannan runduna.

A 1990 aka fara gasar ƙwallon sana'a a Nijeriya. Mutane suka ce, shi ke nan, kokawa ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba.

Abu biyu suka faru. Na farko, masaƙu suka durƙushe. Babbar masaƙar nan ta farko ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aiki a 2007. Dubban mutane suka rasa abin yi. Wanda ba shi da na tuwo, ina ya ga na shiga kallon wasa? In rijiya ta ƙafe kuwa, guga ba ta da amfani.

Na biyu, wani sabon abokin hamayya ya ɓullo, shi ko ba dambe ba ne, ba holo ba ne. Ƙwallo ne ɗan'uwansa, amma na Turai. Aka buɗe gidajen kallo unguwa unguwa, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya zauna bisa benci, ya ga wasan da a ke yi a Ingila ko Sifen a daidai lokacin da a ke yinsa. Gidan kallo ya cika maƙil, filin wasa na gida ya yi fayau. Gwanayenmu kuma, da sun fara tashe, sai su haye teku, gama can albashi ya fi tsoka. Ko da ya ke Kaduna United ta ci babban kofin ƙasa a 2010, wannan bai mai da 'yan kallo yadda su ke dā ba.

Ran nan na je duba wata makaranta a hayin kogi. Na tambayi 'yan aji shida su faɗa mini sunayen 'yan wasan Arsenal da Barcelona. Kai, sai hannuwa sama, kowa na “Ni, Malam! Ni, Malam!” Sa'an nan na ce a faɗa mini sunan ɗan wasa guda na wata ƙungiya ta garin nan. Aji ya yi tsit. Alhali kusan dukansu so su ke su zama 'yan ƙwallo in sun girma.

Ku duba fa, yara. Ƙwallon sana'a kamar tukunya ce bisa murhu mai duwatsu uku: 'yan wasa, da masu biyan albashi, da 'yan kallo. In aka janye dutse guda, tukunya ta tuntsure. Yaron da ya ƙi kallon ƙungiyar garinsu yau, wa zai zo kallonsa gobe in shi ya shiga fili? Yekini ma ba daga Turai ya faɗo ba, a nan ƙurar Kaduna ya koya, mutanen Kaduna suka fara tafa masa.

Kada kuma ku raina dambe da kokawa da langa. Ba su mutu ba, har yanzu ana yinsu, holo ma ana gasarsa a Kaduna. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Abu na ƙarshe, ku riƙe karatunku da kyau. Cikin yara masu yawa da ke bin ƙwallo, kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da shi, ƙarfin ƙafa kuwa ba ya daɗewa. Ilimi shi ne ba ya tsufa.

Tambayoyi

1. Mene ne ƙwallon sana'a?
2. Waɗanne wasanni ƙwallon ƙafa ya tarar a Arewa?
3. Kawo dalilai uku da suka sa ya rinjaye su.
4. Me ya rage wa ƙungiyoyin gida 'yan kallo?
5. Tambayi wani dattijo a unguwarku irin wasan da su ke yi suna yara, ka rubuta abin da ya faɗa maka.