React, Vue ko PHP? Abin da ya kamata matashi ya fara koya kafin datarsa ta ƙare a banza

Duk matashin da ya taɓa rubuta "ina so in koyi haɗa manhajar intanet" a Facebook ya san abin da ke biyo baya. Wannan ya ce React, wancan ya ce Python ce ta zamani, na uku ya ce ai PHP ta mutu tuntuni, wani kuma ya ce kada ka wahalar da kanka, ChatGPT zai yi maka komai. Sai ka ga yaro ya shafe wata shida yana tsalle daga wannan bidiyon YouTube zuwa wancan, data ta ƙare, kwamfutar aro ta koma hannun mai ita, kuma babu ko shafi ɗaya da zai nuna ya ce shi ya gina.

Manhajar intanet mai mu'amala ita ce shafin da ke amsa maka: ka cike fom ya gaya maka inda ka yi kuskure, ka saka kaya a kwando farashi ya sauya nan take, ka biya kuɗi ya ba ka rasit. Shafin Jumia da na bankinka duk irinta ne. To daga ina ake farawa?

Tushe uku da ba a tsallake su

Burauzar da ke wayarka, Chrome ce ko Opera, abubuwa uku take karantawa. HTML shi ne ginin shafin, wato rubutu da hotuna da maɓallai. CSS shi ne tsari da ado. JavaScript kuma shi ne ke sa shafin ya motsa idan an taɓa shi. React da Vue da Angular da Svelte da ake ta musu a kansu, dukkansu kayan sauƙaƙa aiki ne da aka ɗora a kan JavaScript.

Tarihi ma ya nuna wanda ke daɗewa. Akwai lokacin da wanda ya iya Flash shi ne sarki wajen yin shafi mai motsi, amma kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen 2020. AngularJS, wanda Google ya fitar a 2010, shi ma an jingine shi bayan an sake gina shi daga tushe a 2016. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995, har yau yana nan daram. Wanda ya iya tushe, idan yayi ya sauya, makonni kaɗan za su ishe shi ya kama sabon. Wanda ya haddace yayi kawai, sai ya koma farko.

Zaɓi ɗaya ka riƙe shi

Bayan ka iya gina shafi da JavaScript zalla, har kana iya janyo bayanai daga wani wuri ka nuna su, sannan ne za ka zaɓi ɗaya daga cikin waɗancan kayan. Taura biyu ba ta taunuwa.

React, wanda Facebook ya saki a 2013, shi ya fi yawa a tallace-tallacen neman ma'aikata, kuma yana buɗe maka hanyar haɗa manhajar waya ta React Native. Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014, ya fi sauƙin shiga ga sabon ɗalibi. Angular ya fi karɓuwa a manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa. Kada ka tsaya ga maganar kowa, har da tawa. Buɗe LinkedIn ko Jobberman, ka karanta tallan aiki ashirin irin wanda kake mafarkin samu, ka ƙirga sunan da ya fi maimaituwa. Amsarka ke nan.

Bayan fage fa?

Abin da mai amfani yake gani rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana can a saba, inda ake adana sunaye, a tantance kalmar sirri, a lissafa kuɗi. Nan ma hanya ɗaya za ka bi. Node.js, wanda ya fito a 2009, yana ba ka damar ci gaba da JavaScript ɗin da ka riga ka sani. Python da Django sun dace da mai sha'awar nazarin bayanai nan gaba. Sai PHP da Laravel.

Masu cewa PHP ta mutu su sani cewa WordPress, wanda da ita aka gina shi, yana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya. Idan burinka ka fara samun ɗan abin sakawa a aljihu daga makarantu masu zaman kansu da shaguna da ƙungiyoyin garinku, PHP ba abin rainawa ba ce, ga shi kuma wurin ɗora ta ba shi da tsada. Ko wacce ka zaɓa dai, ka haɗa da SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL.

Ka tuna wa kake gina wa

Yawancin masu koyarwa a YouTube suna Amurka ko Turai ko Indiya, da kwamfuta mai ƙarfi da intanet mara yankewa. Naka kwastoman kuwa, mai yiwuwa Itel ko Tecno ce a hannunsa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma yana lissafin kowace megabait. Duk JavaScript ɗin da ka lafta wa shafi, sai wayarsa ta sauke shi ta sarrafa kafin ya ga komai. Don haka ka gwada aikinka a ƙaramar waya. A cikin Chrome ma akwai wurin da za ka rage gudun intanet da gangan ka ga yadda shafinka zai yi a ƙauye.

Ka kuma tabbatar ka saita shafin da rumbun bayanan a tsarin UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya. Idan akwai biyan kuɗi, koyi haɗa shafi da Paystack ko Flutterwave. Sau da yawa wannan ne mai shago zai fara tambayarka, ba sunan fasahar da ka yi amfani da ita ba.

Ina batun ƙirƙirarriyar basira?

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, rubuta kod ya ƙara sauri, babu musu. Sai dai yana iya ba ka kod mai aiki a ido alhali ya bar ƙofa a buɗe ga ɓarayin bayanai. Idan ba ka iya karantawa ba, ba za ka gane ba sai sunaye da lambobin wayar mutane sun fita, kuma kai za a kama, ba na'ura ba. Ka ɗauke shi mataimaki: ka sa ya yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, amma kada ka ɗora layin da ba ka fahimta ba.

Yadda za ka fara

freeCodeCamp da The Odin Project da MDN duk kyauta ne, sai dai da Turanci suke, don haka ka riƙa gyara Turancinka tare. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa fasahar zamani. Ka koyi Git tun da wuri, ka riƙa ajiye aikinka a GitHub, domin nan ne mai ɗaukar aiki zai leƙa.

Sannan ka nemi matsala ta gaske a kusa da kai. Littafin adashen da mahaifiyarka ke riƙewa, sakamakon jarrabawar Islamiyyar unguwarku, ko lissafin bashin wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Gina shi, ka ba su su yi amfani da shi, su kawo ƙorafi, ka gyara. Manhaja ɗaya da mutum goma ke buɗewa kullum za ta koya maka abin da bidiyo ɗari ba za su koya maka ba, kuma ita ce za ka nuna ranar da aka ce, "Me ka taɓa yi?"