Zaiba Ta Fi Kusa Da Mu Fiye Da Ramin Zinariya

A Fadan Kagoma da Kafanchan, idan aka ambaci zaiba, hankali kan tafi wurin masu haƙar zinariya na Birnin Gwari, waɗanda ke cuɗa ta da ƙasa su ƙona. Alhali tana cikin ɗakunanmu: a dogon ƙwan lantarki da mai lanƙwasa, a tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, uwa uba a man bilicin.

Man nan shi ne babbar damuwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa kayan ƙara hasken fata. Ba kowanne ne ke da zaiba ba, amma mai ita yakan yi aiki da wuri, shi ya sa yake da kasuwa. Zaibar na ratsa fata ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Sai a fara ganin rawar hannu, mantuwa da rashin barci, a ce aikin maƙiya ne. Jariri ma bai tsira ba, domin takan kai gare shi tun yana ciki, ko ta nono, ko ta tawul ɗin da ake goge shi. Ki duba jikin kwalba: in kin ga "mercury" ko "calomel", ki ajiye. Haɗin da ake ɗurawa a roba ba suna kuwa, shi ya fi ban tsoro.

Garin Minamata na Japan ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun zaiba: a 1956 aka gano cutar da kifi mai zaiba ya jawo, bayan kamfanin Chisso ya riƙa zuba dagwalonsa a teku. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu.

A gida kuwa, idan ma'aunin zafin jiki ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi. Kada a sa tsintsiya, tarwatsa zaibar take yi. A tattara da kwali a zuba a kwalba mai murfi. Kada a jefa mataccen ƙwan lantarki a bolar da ake cinna wa wuta, hayaƙin mu za mu shaƙa, tokar kuma ruwan damina ya kwashe zuwa rafi. In za a sayi sabo, a nemi LED.

Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin kuma ta ga ƙafa na kumbura, ta je asibiti a duba fitsarinta, ta riƙe kwalbar man a hannu.