Ilmin Awo a Makka

Jama'ar zango, ba shari'a kaɗai ake karantawa a Makka ba. Jami'ar Ummul Ƙura, da aka kafa a 1981, tana koyar da hisabi har gaba da digirin farko. Nan ɗalibi ke shiga ilmin awo, watau auna abin da mudu da kamu suka kasa. Bafaranshe Lebesgue ya kawo hanyar a 1902. Kamar falke ne: sai ya ware kuɗinsa iri iri, kana ya tara.

Karatun yana cin shekaru, kada mu matsa wa yaro ya komo rumfa. Malam Muhammadu Bakatsine, mai littafin hatimi, ya yi hajji bai komo ba, a Alƙahira ya rasu a 1741.