Aikin Ido da Lesa: Wane Ido Ne Zai Ɗauka?

Duk wanda ya shekara goma da gilashin likita a fuska ya san ɗawainiyarsa. Za ka yi alwala, sai ka nemi inda za ka ajiye shi. Ka buɗe tukunya, tururi ya rufe shi ruf. Da hunturu kuwa goge ƙura ba ya ƙarewa. Shi ya sa da mutum ya ji akwai aikin da ake gamawa cikin kusan minti goma sha biyar ya rabu da gilashi, sai ransa ya biya, tambayarsa ta farko kuma ita ce nawa ne. Wadda ya kamata ya fara yi ita ce ko idonsa zai ɗauka.

A gaban ido akwai wani tantani garau kamar murfin agogo, likitoci na ce masa koniya. Shi ke tanƙwara mafi yawan hasken da ke shiga ido. Kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, wajen maikiron 540 ga yawancin mutane. Abin da lesa ke yi shi ne sassaƙe wannan tantani a canja masa siffa. A aikin LASIK, wanda likita Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya yi fice da shi tun wajen 1990, ana ɗaga saman tantanin kamar marfi, a sassaƙe na ƙasa, a mayar. Abin da aka sassaƙe ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Masassaƙin turmi ma sai ya duba kaurin itace kafin ya ɗaga gizago. Likitoci kan so a bar aƙalla maikiron 250 a ƙarƙashin marfin, don haka mai siririn tantani, ko wanda lambar gilashinsa ta yi yawa ƙwarai, ana iya ce masa ya haƙura, ko a duba masa wata hanya irin PRK, wadda ba a yanka marfi a cikinta.

Shekaru ma suna da nasu. Ba a yi wa wanda bai kai 18 ba, kuma ana so lambar gilashin ta tsaya cak aƙalla shekara guda. Saurayin da kowace shekara sai an canja masa gilashi, idonsa bai gama zama ba. In an yi masa yau, baɗi zai koma gidan jiya.

Inda na fi so a tsaya shi ne wata cuta da ake kira keratokonas, inda tantanin ke sirancewa ya turo gaba kamar kan ƙwai. A farkonta kamar rashin ganin nesa take, mai ita ma bai sani ba. In aka sassaƙe irin wannan ido, an ƙara raunana abin da dama mai rauni ne, gani na iya lalacewa har ta kai ga dashen tantani. Abin ya shafe mu, domin yawan murza ido yana da alaƙa da cutar, ga shi yaranmu da yawa suna tasowa da ƙaiƙayin ido, irin wanda za ka ga farin idon yaro ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na kai. Wanda ya taso haka, wajibi ne a yi masa hoton taswirar tantanin. Duk inda aka ce za a yi maka aiki ba tare da wannan hoton ba, ɗauki takalmanka.

Sai bushewar ido. Aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin tantani, hawaye ya ragu na wasu watanni, wani lokaci fiye da haka. Wanda dama yake jin kamar yashi a idonsa, ga hazo ga fanka ga kallon waya, sai an fara magance masa wannan. Mai ciki da mai shayarwa su jira, don sauyin jiki na taɓa lambar ido. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, irin su lufus, rauninsu ba ya saurin warkewa.

Akwai kuma ruɗani da ke yawo, wai lesa maganin kowane ciwon ido ce. Wannan aikin rashin ganin nesa, da rashin ganin kusa, da astigmatizim, wato rashin daidaiton siffar tantani, yake gyarawa. Ba ya cire yanar ido, ba ya warkar da gilakoma, wadda ake ce wa hawan jinin ido. Hasali ma, bayan an rage kaurin tantani, na'urar auna matsin ido takan nuna ƙasa da gaskiya, kuma gilakoma ta fi kama baƙar fata. Wanda aka yi wa aikin ya riƙa faɗa wa duk likitan idon da ya je wurinsa har ƙarshen rayuwa.

Ga telan da ya haura arba'in, yana nisanta allura da fuska kafin ya zura zare, tasa matsalar daban ce. Ruwan tabarau na cikin ido ne ya fara taurare da shekaru, lesar kuma ba ta taɓa shi. Mai rashin ganin nesa da ya saba cire gilashi ya karanta Alƙur'ani, in an gyara masa nesa, zai iya wayar gari yana neman gilashin karatu. Gara ya ji wannan kafin ya kwanta a gadon aiki.

Masu niyyar zuwa Indiya ko Masar ko Dubai don yin aikin kuwa, su sani ana duba idon washegari, sannan a ci gaba da bibiya na watanni, don haka a shirya da likitan ido na gida tun kafin a sayi tikiti. Ranar gwajin da ake yi kafin aiki a tafi da tsofaffin takardun gilashi, a faɗi duk maganin da ake sha, har da na ƙurajen fuska mai suna isotretinoin. Mai sa ruwan tabarau na mannawa a ido kuma ya cire shi wajen mako biyu kafin ranar, in mai tauri ne ma fiye da haka, domin yana danne tantanin ya ɓata awon.