Ƙullutun Jijiya: Idan Babu Mai Janye Itace Daga Murhu

Yau filin namu zai duba wata lalura da likitoci ke kira NF1, wadda wani likita Bajamushe, von Recklinghausen, ya bayyana a 1882. Akan samu mai ita guda cikin jarirai kimanin 3,000. Ƙullutai ne ke fitowa a kan jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki.

To, me ke kawo su? Kin san jikinmu da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi. Cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari mai suna RAS, shi ke ba ta umarnin ta girma ta rabu biyu. Ki ɗauke shi kamar wutar murhu. Akwai kuma wani sinadarin, niyurofaibiromin, shi ne hannun da ke janye itace idan tuwo ya nuna. Idan babu shi, wuta ta yi ta ci ke nan, ƙwayar ta yi ta hayayyafa babu tsayawa.

Kowa yana gadon umarnin yin wannan sinadari sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai NF1 ana haihuwarsa da guda a lalace, ɗayan na riƙe da aikin. Ranar da na biyun ya lalace a cikin ƙwayar da ke lulluɓe jijiya, nan ƙullutu zai tsiro. Shi ya sa ba sa fitowa lokaci ɗaya. Sukan ƙaru lokacin balaga da lokacin goyon ciki.

Uwargida, idan kina yi wa yaro wanka ki duba fatarsa. Tabo shida ko fiye, shafaffu, masu duhu fiye da sauran fata, da ɗigo-ɗigo a hammata ko matsematsi, alamu ne da ya kamata likita ya gani. Kusan rabin masu lalurar gado suka yi, sauran kuwa a kansu ta fara. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka ta cin abinci tare.

Don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga, domin manyan ƙullutan suna zubar da jini sosai. Yawancinsu ba ciwon daji ba ne, amma idan ɗaya ya yi tauri, ya girma da sauri, ko zafinsa ya hana barci, ki shaida wa maigida a tafi asibiti ba da jinkiri ba. A riƙa kuma auna idon yaro da hawan jininsa duk shekara.

A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin selumetinib, wanda ke tare saƙon RAS a hanya. Yana rage girman manyan ƙullutai ga yara da dama, ko da yake ba ya raba mutum da lalurar.

Allah ya ba mu lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sai mako mai zuwa.